Baffa da Alƙawarin Sabuwar Albasa

Tun yarinyar tana rarrafe nake ɗauke da wata fargaba da ban taɓa faɗa wa kowa ba. 'Yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗauke shi. Kuma na san abin da ke tafe: in lokacin yaye ya yi, kakarta za ta sauko daga gida ta tafi da ita, yaran da ake kaiwa yaye a danginmu kuwa ba kasafai suke dawowa ba. Ni kaina haka aka yi mini. Sai da na yi wayo sosai na gane cewa wadda nake kira Yaya ita ta haife ni. Don haka kullum ina goye da ita a bakin kaskon ƙosai, ina jin numfashinta a bayana, sai in ji ni kamar wadda ta ɗauko kayan mutane.

Mutum ɗaya ne ya gane halin da nake ciki ban buɗe baki ba. Shi ne Baffa, yayan mahaifin maigidana, wanda Allah ya karɓi ransa a nan Inugu ranar wata Laraba da hantsi. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Yana zaune a kan bencinsa a inda ake sauke albasa a kasuwar Ogbete, ya ce a miƙo masa ruwa, kafin a kawo kofin ya jingina da buhu. Shi ke nan.

Ina rumfata, 'yan taku kaɗan daga bencin, inda nake sayar da kunu da ƙosai ga 'yan dako. Abin da na fara lura da shi shiru ne. Wurin da ko sunanka aka kira ba ka ji saboda ihun lodi, sai ga shi kana jin ƙarar man da ke cikin kaskona. Wani ɗan dako ya tsaya da buhu a ka, ya manta bai sauke ba, hawaye na gangara masa har wuya.

Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Da ma ya sha faɗa: "Arewa da ƙarfina ta turo ni. Kada wanda ya mayar mata da gawa, ba ta yi odar wannan kayan ba." Mutane suna dariya in ya faɗa. Ranar dai ba wanda ya yi dariya, aka bi maganarsa.

Zaman makoki a gidansa na unguwar Abakpa aka yi, inda mu ma muke haya a ɗakin baya. Na ga mutanen da ban san Baffa ya san su ba. Wasu daga Anacha, wasu daga kasuwar Mil Wan ta Fatakwal, masu nama da masu wake, duk sun rufe shaguna sun taho. Direbobi suka jera motoci a bakin titi har masu keke suka fara ƙorafi. Wani tsoho mai sayar da shanu ya zauna a tabarma bai ce komai ba sai "Allah ya ji ƙansa," can kuma ya juya ya ce da maigidana, "Yanzu wa zai dinga zagina?"

Sai ga Mama mai manja, Inyamura ce, wadda ta fi shekarun aurena tana hulɗa da Baffa. Ta shigo da jarkar manja a ka, ta dire a tsakar gida, ta zube ƙasa tana birgima tana kiran "Papa Yabasi! Papa Yabasi!", domin yabasi suke kiran albasa da yarensu. Matanmu suka rasa yadda za su yi da ita. Gwaggo, matar Baffa, wadda tun safe ba ta yi kuka ba, ta tashi ta kama ta tana cewa, "Haba Mama, ba a yi masa haka, addu'a ake yi." Mama ta ɗago da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Ni ban san naku addu'a ba. Wannan shi ne nawa." Nan Gwaggo ta rungume ta, suka yi kukan tare.

Ga wanda bai san shi ba, aikin Baffa shi ne nemo wa mota lodin komawa. Tirela za ta sauko daga Arewa da albasa, ko tumatir da tattasai, ko wake, ko awaki. Kowa idonsa yana kan abin da ta kawo. Shi kaɗai ne, tun ba a kwance igiya ba, zai zagaya ta da sandarsa yana tambayar direba, "To, da me za ta koma?" Daga nan sai ya shiga kasuwa. Manja a jarka da duro, gari, agada, kwakwa, katako, takalman Aba, kayan gyaran mota da injin niƙa daga Anacha. Duk wanda ke da kayan da za su hau sama ya san bencin Baffa.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma abin da ya koya mini a bakin kaskon nan ya zauna. Wata rana ina ƙorafin tsadar albasa, na ce, "Baffa, a ce abin da a gida muke zubar wa awaki, a nan ya fi ƙarfina?"

Ya ce, "Mai kunu, kin ga motar can? In ta koma wayam, wa zai biya kuɗin man komawa?"

Na ce, "Mai motar mana."

"Mai motar? Ke ce. Albasar da ke hannunki ita za ta biya zuwa, ta biya komawa. In kuwa ta koma da manja, manja ya ɗauki rabi, albasa ta ɗauki rabi. Ke ki samu sauƙi a nan, uwarki ta samu sauƙi a can. Ƙasar da take turawa ba ta karɓa, da wadda take karɓa ba ta turawa, duka biyun gurguwar tafiya suke yi."

Ya karɓi kofin kununsa, ya kurɓa, ya ce tsamiya ta yi yawa. Kullum sai ya ce wani abu ya yi yawa. Kullum kuma sai ya shanye tas.

Hannun rigarsa na dama bai taɓa rabuwa da jan manja ba, don duk jarkar da za ta hau mota sai ya tsoma yatsa ya lasa, ya murza a tafin hannu. Gwaggo ta gaji da wanki har ta haƙura. Ta ce ko a cikin duhun masallaci aka jera maza za ta fitar da mijinta da hanci, rabi albasa rabi manja, miya ce kawai ba a ɗora ba.

Shi da Mama mai manja kuwa faɗansu ba ya ƙarewa. Zai lasa ya yamutsa fuska ya ce, "Mama, wannan ruwan kogi ne kika shafa wa janbaki?"

Ta ce, "Tsoho, bakinka ya mutu! Kai da ke kawo mana albasa rabi ya ruɓe?"

"Ruɓewar ma a ƙasarku ta koya. Lafiya lau ta baro gida."

Su yi ta yi har 'yan dako su taru suna zuga su. Ƙarshe ta zuba masa manja a ƙaramar kwalba ya kai wa Gwaggo, shi kuma ya sa a zaɓar mata manyan albasa a leda. Ban taɓa ganin ɗayansu ya tafi hannu wayam ba.

Ba zan ce ba shi da taurin kai ba, don in na faɗi haka waɗanda suka san shi za su daina karantawa. Akwai direban da aka bugo wa waya matarsa ta haihu, ya tayar da mota zai kama hanya ba lodi. Baffa ya je ya tsaya a gaban tirelar da sandarsa. Direban ya leƙo yana cewa, "Baba don girman Allah ka matsa, haihuwa aka yi mini!"

Baffa ya ce, "Barka. Sai ka je wa mai jego da iska a bayan mota?"

Ya bazama cikin kasuwa da gudun da ban san yana da shi ba. Manja bai samu ba a wannan gaggawar, sai agada ya samo, wadda ta riga ta fara nuna. Aka loda, aka rufe da tamfol. Rana ta dake ta a hanya. Ko da aka buɗe a Kano, direban ya ce sai da suka nemo shebur. Har Baffa ya rasu, in ana son tsokanarsa sai a ce, "Baba, yau babu kunun agada?" Sai ya ɗaga sanda ya ce, "Wayam ta koma? Ku amsa mini, wayam ta koma?"

Faɗa na gaske da na ga ya yi sau ɗaya ne. Wata shekara aka samu saɓani, motocin abinci suka daina saukowa na ɗan lokaci. Kasuwa ta bushe. Samarinmu suka taru a gindin rumfata suna murna, wani yana cewa, "Bari su ɗanɗana! Su ci manjan nasu mu gani!" Baffa ya miƙe. Ya ce, "Kai ɗan wa? Ubanka ba tumatir ya noma bana ba? Yana ina yanzu? Yana can yana zama ruwa a kwando a bakin titi. Je ka buga masa waya ka yi masa wannan murnar." Ya juya ga sauran: "Ƙanwata tana can ƙauye, miyarta ba manja. Mama tana nan, miyarta ba albasa. Ku nuna mini wanda ya ci riba in je in yi masa barka." Samarin suka watse. Saurayin nan yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Kuma ba kaya kaɗai yake kallo ba. In ya ga samari sun diro daga saman buhunan albasa, sababbin zuwa, da 'yan jakunkunansu, sai ya girgiza kai ya ce, "Ga shi nan. Muna turo ƙarfi, ana mayar mana da ciwon baya." Shi ya sa in damina ta gabato yake bin su ɗaya ɗaya. Wannan ya sa shi ya sayi keken ɗinki, wancan injin ban ruwa, wani ko kwanon rufi ne. "Kada ka koma wa uwarka da sabuwar waya da tabarau. Ka koma da abin da zai yi aiki bayan ka gaji."

To, yarinyar. Tun ranar suna Baffa ya ce ya yi amarya. Kun san wasan kaka da jika. In na iso da safe zai ce, "Mai kunu, sauke mini matata, kin hana ta ganin mijinta." Ya ɗora ta a cinya, ta ja masa gemu, ya ce, "Kun gani ko? Tun yanzu ta fara neman kuɗin cefane." Kalmar da ta fara faɗa ba Hausa ba ce, a bakin Mama mai manja ta tsinta, Baffa ya yi kwana da kwanaki yana cewa an juye masa kan mata.

Wata rana yarinyar ta yi tuntuɓe ta faɗi a gaban bencin, ga manya zaune. Na kau da kai yadda aka koya mini, na ci gaba da juya ƙosai. Ashe ƙosan ya ƙone ƙurmus ban sani ba. Da mutane suka watse, Baffa ya zo ya tsaya yana kallon kaskon. Ya ce a hankali, "'Yata, ƙosai bai yi miki laifi ba." Ban ɗago ba. Ya ce, "Na gani. Ki bar mini." Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan.

Ƙarshen damina Inna, mahaifiyar maigidana, ta sauko daga ƙauyenmu na ƙasar Kano ɗaukar yaye. Mutuniyar kirki ce, kada wani ya fahimce ni ba daidai ba. Ta zo mini da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta yi mini kitso da hannunta. Ɗakinta ne ya yi mata faɗi tun rasuwar mijinta, 'ya'yanta maza duk suna Kudu. Ina jin ta tana ce wa Gwaggo, "Na samu mai ɗebe mini kewa har aure." Maigidana yana wurin, ya sunkuyar da kai. Shi ma 'yar farinsa ce, kuma uwarsa ce ke magana. Me zai ce?

Baffa ne ya samo musu gidan gaba a motar wani direba da ya yarda da shi, mai komawa da manjan Mama. Ranar tafiya na haɗa kayan yarinyar a leda, na miƙa wa Gwaggo ta miƙa, na koma bakin kaskona kamar ba abin da ya shafe ni. Inna ta hau, aka miƙa mata yarinyar. Direba ya tayar da mota.

Sai Baffa ya buga ƙofar da sandarsa. Ya ɗaga murya yadda duk wanda ke wurin zai ji: "Dakata. Wannan kayan wa ya ba da izinin loda shi?"

Inna ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, wane kaya kuma?"

"Matata. Za ki ɗauke wa mutum mata a gabansa, ko sallama babu?"

'Yan dako suka fashe da dariya. Inna ta ce, "Tsoho da kai, me za ta yi da kai? Can za mu samo mata saurayi."

Baffa ya ce, "To ki ji. A wurin nan ba abin da ke hawa sama sai an san abin da zai sauko. Aro na ba ki. Ta sha furarki, ta koyi gaisuwa, ta manta nono. Motar farko ta sabuwar albasa, ki sako mini ita a ciki. Ke ma ki biyo ta ki zauna da mu, ga ɗaki nan." Yana murmushi ya fara, amma da ya kai ƙarshe babu murmushi a fuskarsa. Ya ce, "Kin ji ni?"

Inna ta dube shi, ta dubi wajen rumfata. Ta ce, "Na ji, Yaya."

"Direba, ka ji? Mama, kin ji? Sarkin dako?"

Duk suka amsa. Mama har da ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa. Mota ta tashi. Yarinyar ba ta yi kuka ba, tana ta wasa da madubi. Baffa ya dawo ya zauna, ya ce in ba shi kunu. Na zuba masa. Ya kurɓa ya ce, "Yau gishiri ya yi yawa." Ba a sa gishiri a kunu. Na goge fuskata da gefen mayafi.

Tun daga ranar, duk direban da ya sauko daga wajenmu sai Baffa ya tare shi, kafin ma ya yi tambayarsa ta lodi: "Ka ga matata? Ta yi ƙiba? Albasa fa, ta fara kai?" Yakan yi tambayar da ƙarfi, yana fuskantar rumfata, don in ji amsar ba tare da na tambaya ba. Ta haka na san ta daina neman nono, ta haka na san ta yi zazzaɓi ta warke, ta haka na san tana bin awakin Inna tana kiran su da Inyamuranci. Ko a safiyar da ya rasu ya yi wannan tambayar.

Inna ba ta samu saukowa ta'aziyya ba, ƙafa ta matsa mata. A waya ta yi wa Gwaggo gaisuwa, ta yi kuka sosai, don ta san darajarsa. Aka miƙo mini wayar. Bayan mun gaisa ta ce, "Mutuniyar tana nan, ta saba. Ta zama 'yar gida, ko ɗaki zan shiga tana riƙe da zanina." Na ce, "Madalla, Inna." Sai ta ce, "Allah ya ji ƙan Yaya, mutum mai barkwanci. Har ranar tafiyarmu yana wasansa." Na ce, "Amin."

Wasa. Haka ta kira shi. Baffa ya sa maganar a rigar wasa ne don kada Inna ta ji kunya a gaban jama'a, don kada a ce suruka ta kai ƙara. Shi ya san ba wasa ba ne, ita ma a ranar ta sani, na ga idonta. Amma wanda zai tuna mata ya kwanta.

Sabuwar albasa ta fara saukowa. Motar farko ta zo, na bar kaskona na je na tsaya har aka buɗe gidan gaba. Direba ne da jakarsa. Ta biyu ma haka. Yanzu motoci suna komawa da rabin lodi, wasu wayam, bencin yana nan ba wanda ya iya zama a kai. Mama takan zo ta tsaya a gabansa da jarkarta, ta rasa wanda zai zagi manjanta, ta juya.

Allah ya ji ƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya tura gaba ya fi abin da ya bari. Duk wanda ya karanta wannan, ya yi masa addu'a.

Sannan ina roƙon waɗanda suka tsaya a gindin motar nan ranar, direba, da sarkin dako, da duk wanda ya yi dariya. Na san da yawanku kuna hawa sama kafin albasa ta ƙare. Don Allah wanda hanyarsa ta bi ta garinmu ya tsaya ƙofar gidan Inna. Ku gaishe ta da kyau, ku tambayi ƙafarta, kada ku ɗaga mata murya. Ku ce mata kun ji abin da aka faɗa, kuma ba wasa ba ne, ɗakin ma yana nan an share mata. In ta tambaya wa ya aiko ku, kada ku ce ni ce. Ku ce Baffa ne.